Jatau Ci-Suna da Mijin Mata Ɗari da Sittin da Uku

Duk faɗin Madarumfa babu wanda zai ce maka ya taɓa yanka ragon suna Jatau bai ji ƙamshinsa ba. Tun yana saurayi Allah ya hore masa hanci da ƙafa. In aka haihu a Safo ranar Talata, to Talata mai zuwa, kafin liman ya gyara zama, za ka ga Jatau a gefen tabarma ya tanƙwashe ƙafa, yana amsa amin da ƙarfi fiye da uban jariri. Shi ya sa aka laƙaba masa Ci-Suna. Bai taɓa jin haushi ba, ya ce sunan da bai hana ka nama ba ai ba zagi ba ne.

A wani ƙauye kusa da Gabi aka haife shi, gidan manoma masu bin al'adar kaka da kakanni. Ubansa Ɗogo ya so ya gaji hauya, gwamnati ta so ya zauna lakwal ya yi karatun boko, shi kuwa ya raba musu gardama, ya bar duka biyun. Ya yi cin rani shekara shida tsakanin Jibiya da Katsina, ya komo da rediyo ɗaya da tari. Ya auri Nana, ya zauna cikin gari. Daga nan ne ya samu aikin falanto a buro, wato ofishin wani furoje da kafin kowace damina ke raba wa manoma irin gero mai saurin nuna, buhu ɗaya kowane gida.

A takarda, aikinsa shara ne da kai saƙo. Aikinsa na gaskiya kuwa faɗin suna.

Ga yadda abin yake. Ana rubuta buhu da sunan maigida, amma lokacin rijista maza duk suna Najeriya wajen cin rani, da kardantensu, wato katin shaida, cikin aljihu. Mata ke zuwa. Mace mai tarbiyya kuwa, ko wuƙa aka sa mata a wuya, ba ta kama sunan mijinta. Sai sakatare ya ce, “Sunan mijinki?” ita kuma ta shiga ƙirga tururuwan da ke ƙasa. Nan ne Jatau, daga bencinsa na bakin ƙofa, zai gyara murya ya ce, “Matar Mamman ce, ɗan Gambo mai jaki, na bakin rijiya.” Matar ta gyaɗa kai, sakatare ya rubuta. Ya ci goron aurensu, ya ci naman sunan 'ya'yansu, ina zai manta? Shekara goma sha tara ana haka, ba wanda ya taɓa tunanin wannan ma aiki ne.

Sai bara aka aiko sabon shef, shugaban buro, daga Yamai, Shef Salim. Mutum ne mai tsabta, takalminsa bai san ƙasa ba. Bahaushe ne, amma irin Hausawan da matarsu ke kiran sunansu gatsau a waya, har ta haɗa da sheri, wai masoyi da Faransanci. Ya zo da wani allo baƙi mai ƙyalli, ya kafa shi a kan tebur, ya tara ma'aikata.

“Wannan ita ce ƙirƙirarriyar basira,” in ji shi. “Tana ji, tana magana, tana rubutu. Ba ta gajiya, ba ta kuskure.” Ya dubi Jatau ta wutsiyar ido. “Kuma ba ta neman izinin zuwa suna.”

Aka yi dariya, har da sakatarori biyun da ba su san da su za a fara ba.

Ya taɓa allon, sai ga muryar mace, zaƙwai, da Hausar Kano irin ta rediyo: “Barka da zuwa. Yaya sunanka?”

Jatau ya ce, “Ranka shi daɗe, wagga 'Yar Kano, ta san mutane?”

“Ta san duk abin da ke cikin duniya.”

“To madalla. Ni iyakata Gabi zuwa Ɗan Isa.”

Ƙarshen wata aka sallame su su uku. Sakatare ɗaya ya koma kabu-kabu da babur ɗin aro, ɗayan ya kafa tebur yana sayar da katin waya, da biro har yanzu a aljihun gaba, ko Allah zai sa a tuna da shi. Jatau kuwa ya ja bencinsa, don nasa ne, ya tsallaka titi ya ajiye a inuwar itacen bedi, daidai inda zai riƙa kallon ƙofar buro. Nana ta ce ya je ya nemi abin yi. Ya ce ai shi ke nan yana yi.

Ranar da aka buɗe rijista, aka ce mace ɗaya-ɗaya za ta shiga, a rufe ƙofa, don na'ura ba ta karɓar muryar kowa sai ta mai magana. Wai maganin maguɗi. Shef Salim ya zauna a baranda yana latsa waya, yana kallon lamba na hawa.

Inde, wata dattijuwa daga wajen Gabi, ta fito tana gyara ɗankwali. Jatau ya kira ta.

“Inna Inde, ya kuka ƙare da 'Yar Kano?”

“Yarinya mai ladabi, ta gaishe ni har sau biyu. Sai dai ba ta da kunya ko ta kwabo. Wai in hwaɗi sunan mijina!”

“Kika ce mi?”

“Mi zan ce? Na ce Maigida. Ta ce in maimaita. Na ce Maigida. Ta ce an gode, an rubuta.”

Jatau ya ci gaba da tambayar masu fitowa. Ta biyu ta fito, Maigida. Ta uku ta ce Malam. Ta huɗu, da yake mijinta ya taɓa zuwa Makka, ta ce Alhaji. A gaskiya, kar a ci amanar bawan Allah, Jatau ya tashi ya tsallaka titi, ya durƙusa a gaban baranda.

“Ranka shi daɗe, akwai magana.”

Shef Salim bai ɗago ba. Ya juyo masa wayar. “Tsoho, dubi nan. Mace tamanin kafin azahar. Ku a da nawa kuke yi? Talatin? Je ka huta, zamaninku ya wuce.”

Jatau ya ce Allah shi ƙara basira, ya koma inuwarsa. Kowa ya ƙi ji ai ba ya ƙi gani ba.

Bayan mako biyu hadari ya fara haɗuwa a gabas, maza suka fara komowa da ƙunshin tsaraba, kowa na wasa hauya. Motar iri ta iso daga Maraɗi. Ana jiran buhu ɗari biyu da hamsin da tara, aka sauke talatin da ɗaya. Ashirin da takwas na 'yan matan zamani ne, waɗanda suka yi lakwal, masu faɗin sunan miji kamar suna kiran akuya. Sauran ukun kuwa, ɗaya na Malam, ɗaya na Alhaji, ɗaya na Maigida.

Takarda ta biyo bayan mota, 'Yar Kano ce ta tsara ta da kanta. Ta gano, in ji ta, cewa akwai wani mutum mai suna Maigida da ke da mata ɗari da sittin da uku, warwatse a ƙauyuka goma sha huɗu. Malam na da arba'in da ɗaya, Alhaji ashirin da bakwai. Ta ba da shawara a binciki Maigida da gaggawa. Shef Salim ya karanta sau uku, sannan ya cire tabarau ya karanta na huɗu, ko za ta sake.

Kafin la'asar mata sun cika ƙofar buro.

“A hito mana da Maigidan nan mu gan shi!” in ji Inde. “Shekara arba'in ina aure, ban san da wani ƙato na biyu ba.”

Wata mai suna Bilki ta ce, “Ku kawo buhun mu raba ƙwaya-ƙwaya, kowa ta shuka uku!”

Ranar takalmin Shef Salim ya san ƙasa. Ya tsallaka titi har gindin bedi, ya tsaya yana murza hannu.

“Baba Jatau, ina wuni?”

“A'a, yau ni ne baba? Lahiya lau. Ina 'Yar Kano? Ta tashi lahiya?”

“Baba, ruwa na iya sauka jibi. In mutanen nan ba su samu iri ba, ni da aikina...”

Jatau ya so ya ja masa rai har magariba. Amma Nana ma Maigida ta ce, gidansa na cikin ɗari da sittin da ukun, kuma gero ba ya jiran fushin kowa. Ya ce zai komo, da sharaɗi biyu: bencinsa a cikin ɗaki, kuma duk ranar suna ba mai tambayarsa ina ya tafi.

Shef Salim ya amince, sai dai akwai 'yar matsala. An riga an soke gurbin falanto daga Yamai, ba yadda za a yi a ɗauki mutum. Layi ɗaya ya rage a takarda, na kayan da na'ura ke buƙata. Nan aka rubuta Jatau, tsakanin sharja da jakar da ake rufe allon.

“Ba komi,” in ji Jatau. “Sharja ma in babu ita, 'Yar Kano gawa ce.”

Aka koya wa na'ura muryarsa, aka sake rijista daga fari. Mace ta shigo, 'Yar Kano ta yi tambayarta ta rashin kunya, matar ta dubi ƙasa, Jatau ya gyara murya. Kwana biyu cur. Sakatarori biyun suka leƙo ko su ma za a rubuta su cikin kaya, aka ce layin ya cika.

Shef Salim, da ya ga ransa ya komo jikinsa, sai bakinsa ma ya komo.

“Ka san duk sunan da ka faɗa tana haddacewa? Baɗi ba sai mun wahalshe ka ba.”

“Haka ne, ranka shi daɗe. Amma kahin baɗi za a ɗaura aure, za a saki wasu, wasu su mutu, wasu su tashi gida. Sai ka aike ta ta ci goron.”

Ta ƙarshe a layi Nana ce, matar da ta yi shekara talatin tana dafa masa tuwo ba ta taɓa kama sunansa ba, ko a cikin faɗa.

“Sunan mijinki?” in ji 'Yar Kano.

Nana ta ja mayafi ta rufe baki. Jatau ya miƙe tsaye, ya gyara hula, ya faɗa da ƙarfi yadda za a ji har Yamai: “Jatau ɗan Ɗogo, na unguwar bakin tabki!”

“Kin tabbatar shi ne?”

Nana ta dube shi tun daga hular har silifa, ta yi ajiyar zuciya.

“Shi ne dai. Haka Allah ya rubuto.”

“An gode,” in ji 'Yar Kano. “An rubuta.”