Ranar da Rediyo Ya Yi Shiru

Ku matso kusa ku gyara zama, labarin wani mai aski zan ba ku. Wanda ke sauri ma ya daure ya zauna, don shi mutumin namu sauraro ne ya gagare shi har ya yi furfura.

Shagonsa ɗan ƙarami ne, a matse tsakanin mai sayar da magani da mai facin taya. Kujerar aski ɗaya ce, fatarta ta tsage an ɗinke, sai bencin masu jira, sai madubin da gefensa ya fara baƙi. Ba mai tuna sunansa na gaskiya. Kowa Rediyo yake ce masa, har matarsa in ya ba ta haushi. Da ya buɗe shago bakinsa ya kama aiki ke nan. In ka fara ba shi labari, kafin ka kai tsakiya ya ƙarasa maka, ya ɗora nasa a kai. In ka nace kuwa yana da dabara. Sai ya shafa maka kumfa, ya sa yatsa ya ɗaga haɓarka, ya ce, "Yi shiru, maigida, aska na wuya." Wa zai yi gardama da aska a maƙogwaro?

Mutane sun ɗauka haka Allah ya yi shi. Gaskiya ne, amma da sauran magana.

Su biyu mahaifiyarsu ta haifa, shi da ƙaninsa Auta. Auta yana da in'ina mai nauyi. Kalma kan maƙale masa, ya runtse ido, jijiyar wuyansa ta miƙe, sai yayan ya ƙarasa masa. Kuma bai taɓa kuskure ba. Ko ruwa Auta yake so, ko wani yaro ne ya doke shi, yayan ya sani tun kafin rabin kalmar ta fito. Inna kan yi dariya ta ce baki ɗaya Allah ya raba musu.

Da mahaifinsu ya rasu, Kawu ya zo daga garinsu mai nisa, ya ce zai ɗauki yaro ɗaya ya rage wa ƙanwarsa nauyi. Auta ya nuna. Inna ta ce ba za a ɗauke mata ɗa kamar kaya ba, a tambaye shi. Kawu ya durƙusa a tsakar gida ya ce, "Auta, za ka bi ni?"

"Ni... ni ina s-s-so in..."

Nan ta tsaya. Yayan ya san abin da ke bakin ƙaninsa sarai. Ya kuma san in Auta ya ƙi, shi za a ɗauka, ya bar abokansa da filin ƙwallo da ɗakin Inna. Sai ya ce, "Wai yana so ya bi ka."

Inna ta yarda, don yaushe ya taɓa faɗin ba daidai ba? Auta ya juyo ya dube shi, bakinsa a buɗe, sannan a hankali ya rufe. Washegari yana zaune a jikin tagar mota, takalmansa a kan cinya, bai ɗaga hannu ba.

Can ya girma, can ya koyi gyaran agogo, sana'ar da ba ta neman baki. Yakan zo jefi-jefi. Ya zo ranar da aka binne Inna, ya zo auren 'yar Rediyo. Duk zuwan da ya yi, yayan kan tare shi da murna da surutu, tun daga tasha har ya mai da shi tasha. Tsoron shiru yake yi. Gani yake da zarar an sami ɗan fili, Auta zai buɗe baki ya tambaye shi abin da ya sa.

To, bana ido ya matsa wa Auta, ya zo asibitin garin aka cire masa yana, ya sauka gidan yayansa yana jinya. Ranar da zai koma, da safe, matar Rediyo ta ajiye wa mijinta shayi ta tsaya a kansa.

"Maigida, wannan rediyon naka ba shi da wurin kashewa ne?"

"Me kuma na yi?"

"Tun da bawan Allahn nan ya zo yake ɗauko magana kana fizgewa. Ni da ba jininsa ba na ga akwai abu a bakinsa. Ku duka kun tsufa. Wa ya ce maka akwai wani zuwan?"

Shayin ya huce a gabansa.

Da hantsi Auta ya biyo shago da jakarsa, ya ce a gyara masa fuska kafin motar rana ta tashi. Ba kowa a benci. Rediyo ya yafa masa ƙyalle, ya kaɗa sabulu, ya hau labarin tsadar taya da rigimar maƙwabta. Ya aske kunci ɗaya. Ta madubi ya ga ƙaninsa ya runtse ido, jijiyar wuyan nan ta miƙe.

"Yaya, akwai m-m..."

Kafin ya farga yatsarsa ta kai haɓar. "Yi shiru, aska na..."

Bai kai ƙarshe ba. Auta ya dube shi ta madubi, bakinsa a buɗe, ya fara rufewa a hankali. Gashin ya yi fari, ido ɗaya na ƙarƙashin auduga, amma kallon nan na tsakar gida ne, bai tsufa ba. Rediyo ya janye yatsarsa. Ya naɗe askar ya ajiye, ya jawo benci ya zauna a gaban ƙaninsa.

"Auta, ranar da Kawu ya tambaye ka. Faɗa mini abin da za ka ce. Da bakinka. Ba zan tanka ba."

Auta ya daɗe yana kallonsa. "Ni ina s-s-so in..."

Ta maƙale a inda ta maƙale tun suna yara. Kalmar na kan harshen Rediyo kamar garwashi. Ya ciji leɓe. A waje mai faci na dukan ƙarfe, wata mota ta yi ham ta wuce, kumfa na bushewa a kuncin Auta.

"...in zauna."

"Na sani," in ji Rediyo, hawaye na bin gemunsa. "Wallahi tun ranar na sani. Tsoro na ji kada a ɗauke ni. Ka yafe..."

Auta ya ɗaga masa hannu. "Ka ce b-ba za ka tanka ba."

Rediyo ya ja bakinsa.

Maganar Auta ta zo a gutsure, tana tsayawa tana tashi. Ya ce ya yi fushi, fushi mai tsawo. A gidan Kawu in kalma ta maƙale, sai ya waiwaya gefensa yana neman yayansa, ba kowa, dole ya koyi jawo ta da kansa. Ya ce da ya haifi nasa 'ya'yan ya ga ƙanƙantarsu, sai ya gane shi ma yayan nasa yaro ne a ranar, yaron da ubansa ya mutu.

"Tun r-rasuwar Inna nake so in ce maka ya wuce. Duk zuwan da nake yi, abin da ke kawo ni ke nan. Ba ka t-taɓa ba ni fili ba."

Rediyo ya kifa kansa a gwiwar ƙaninsa ya yi kuka irin wanda bai yi ba ranar da Kawu ya tafi da Auta. Auta ya dafa masa ƙeya ya bar shi ya gama. Can ya ce, "To tashi, mai aski. Haka za ka b-bar ni, rabin fuska tsoho, rabi ango?"

Suka yi dariya har mai maganin ya leƙo ya ga ko lafiya. Rediyo ya sake kaɗa sabulu, ya aske ɗaya kuncin, ba ka jin komai sai ƙarar aska. Da ya goge masa fuska, Auta ya duba agogon hannunsa.

"Motar ta tafi ko?" in ji yayan. "Me kake so, in nemo maka wata?"

"Ina s-so in..."

Rediyo ya rungume hannu ya jingina da bango, ya jira.

"...in zauna. Kwana biyu."

Yayan ya ɗauki jakar ya tura ƙarƙashin benci.

Har yanzu Rediyo ake ce masa, kuma kada in yi muku ƙarya, surutun bai mutu ba. Sai dai masu zuwa aski sun ce yanzu in ka ɗauko labari yakan tsai da almakashi har ka kai ƙarshe. Ku fa, a cikin naku, wa ya daɗe yana ɗauko muku magana ba ku bar shi ya dire ta ba?