Jakin da Ba a Taɓa Hawa Ba

Kawuna Ɗan'azumi, mai jakai na Kwandiko, mutum ne da ko sallama ka yi masa sai ya duba ƙafarka ya ga inda ta fuskanta. Shekara talatin yana dakon hatsi tsakanin Gwaram da Birnin Kudu, kuma akwai lokacin da jakansa tara. Babura suka ƙwace masa aikin, masu sayen fatar jaki suka ƙarasa shi. Uku aka kwance masa a damina guda, ya tsinci gawarsu a bakin rafi an feɗe. Tun daga nan bai ƙara yarda da ɗan Adam ba, har da ni ɗan ƙanwarsa. Abin da ya rage masa tsohuwar jaka ce da ɗanta, wani fari tas mai shekara biyu da ko akumarin ɗaukar kaya ba a taɓa ɗora masa ba. A kansa Kawu ya ɗora duk burinsa na sake tara garke.

Ana tsakiyar zafin bazara sai ga Malam Ɗanbala, mai wa'azi a ƙaramin cocin da ke bayan gari, ya zo aron ɗan jakin na safiyar Lahadi. Ina zaune ya tambaya ko an taɓa hawansa, ko bayansa da tabo. Na ga fuskar Kawu ta canja, don tambayoyin masu fata ke nan, babu ragi.

Ɗanbala ya yi bayani iyakar iyawarsa. Ya ce ranar Lahadin da ke zuwa kafin bikinsu na Ista suna tuna ranar da Almasihu ya shiga birnin Ƙudus. Ɗaruruwan shekaru kafin nan wani annabi ya faɗa cewa sarkin zai zo da tawali'u a kan ɗan jaki, ba dokin yaƙi ba, don sulhu ya kawo. Shi ya sa suke son wanda ba a taɓa hawa ba.

Da ya tafi Kawu ya ce mini, "Sarki a kan jaki? In za a yi mini ƙarya a yi mai kama da gaskiya mana."

Na ce to ya hana kawai. Ya ce a'a, tunda sun riga sun sa ido, hanawa ba za ta tsare komai ba. Abin yi shi ne ya ɓata musu abin da suke kwaɗayi. Ranar Asabar da hantsi ya sa ƙarfe a wuta, ya yi wa ɗan jakin lalas uku a gadon baya, don fata mai ƙuna ba ta da kasuwa. Kukan dabbar har yanzu yana kunnena. Na ji haushin Kawu ƙwarai, na kuma faɗa masa, ya ce ni yaro ne da furfura.

Da safe ya ja ɗan jakin da kansa, da sanda a hannu, ni kuma na bi shi don kada ya fasa kan wani. Mun tarar da mutum kamar arba'in riƙe da ganyen dabino, suna waƙa. Kawu yana ta leƙen bayan coci ko zai ga wuƙa ko motar ɗauka. Babu. Mata suka kwance mayafansu, maza suka tuɓe riguna, suka shimfiɗa a ƙasa don jakin Kawu ya taka. Shi da ya ƙare rayuwarsa yana jin ana zagin jaki, sai ya tsaya baki buɗe. Ya tambayi wanda zai hau, aka ce babu kowa, haka zai wuce ba mahayi, mai wurin, wato Almasihu, suke tunawa.

Wata tsohuwa ta zo ɗora zane a bayansa, sai ta ga ƙunar ta yi ruwa, ƙuda na bi. Ta janye hannu, ta aika aka kawo man kaɗanya, ta durƙusa tana shafa masa tana hawaye. Waƙa ta tsaya cak.

Ɗanbala ya ce, "Baba, wane mara tausayi ne ya yi masa haka? Masu fatar nan ne?"

Na zuba wa Kawu ido, don ƙarya tana nan a sauƙaƙe, kowa zai yarda. Ya daɗe yana murza igiyar da ke hannunsa.

"Ni ne," in ji shi. "Saboda ku na yi."

Aka ci gaba da waƙa a hankali, jakin ya taka rigunan har ƙofar coci.

Kada wani ya zaci Kawu ya canja. Har gobe a ƙofar ɗakinsa yake ɗaure dabbobinsa, kuma yana cewa ruwan da suka ba shi ran nan bai sha ba. Amma ciwon ya warke da tudu uku daidai inda akumari ke zama, da an ɗora mangala sai ya fashe. Jakin yanzu shekararsa shida, bai taɓa ɗaukar ko mudu ɗaya ba, kuma Kawu ne ke yanko masa ciyawa kullum.