Rumbun da Na Zana

Bayan 'yan bindiga sun tafi da ƙanena, na daɗe barci bai ɗauke ni ba. Sai wasu baƙi suka zo Cadakori, suka ce zane da waƙa suna sauke nauyin zuciya. A wani ajin makarantar boko suka tara mu, kowa da takardarsa. Ni rumbu na zana. Shugabarsu ta tambaye ni dalili, ta rantse maganar ba za ta wuce ɗakin ba. Na gaya mata abin da ban taɓa gaya wa kowa ba: ranar da aka shigo gidanmu ba gona nake ba, kamar yadda na faɗa. Cikin rumbu na ɓuya, ina jin ƙanena yana kirana, ban fito ba.

Ranar kasuwa suka yi wasan bankwana. Ni da kaina na ɗauko Inna a amalanke, na shimfiɗa mata tabarma a gaba. Mai gurmi ya gyara zama, ya ce zai ba da labarin wani bawan Allah. Sun sauya suna, sun sauya gari, amma sun bar rumbun. To, gida nawa aka shiga a unguwarmu, in ba namu ba? Jama'a na tafi, shugabar tana yi mini murmushi, wai ita ta yi mini gata.

Har yau Inna ba ta ce mini uffan ba. Sai dai tun ranar ba ta ƙara aikena ɗebo hatsi ba. Da tsufanta, ita ke hawa rumbun.