Dattijo da Tiyon Fetur

Sauda na jiran keke a bakin hanyar Gwallameji, tana kallon wani dattijo da tsohuwar motarsa ta mutu. Babbar rigarsa ta sha guga, amma wuyanta ya koɗe. Da gani tsohon ma'aikaci ne, irin waɗanda a da direba ke buɗe wa ƙofa. Ya ɗaga bonet yana waige-waige, sannan ya zare tiyon kafireta, ya zuƙo fetur da bakinsa, ya tofar cikin hankici.

Matarsa ta leƙo ta taga. "Alhaji, ko in roƙi mutane su tura mana?"

"A'a, Hajiya. Injin nan lafiyarsa lau, tsufa ne kawai."

Fetur na ɗiga daga gemunsa lokacin da suka haɗa ido da Sauda. Ita ce ta fara sunkuyar da kai.