'Yar Taga Ba Ta Karɓar Kyauta

A layinmu an ce 'yar kawuna ta ɓoye mataccen soja a bayan kabad ɗin ofishinta, kuma kullum da safe sai ya yi tari ya ba ta umarni kafin ta fara aiki. Mai gyaran takalmi ya rantse ya ji shi da kunnensa. Mai sayar da katin waya ta ce har ruwa ake ba shi.

Ni da nake taubashinta na so ƙwarai a ce gaskiya ne, amma babu gawa. Aku ne a keji. Tarin dai na mamaci ne, wannan ban isa in musa ba.

'Yar Taga muke ce mata, don tun tana budurwa take zaune a bayan tagar ofishin kula da tsofaffin sojoji, har gwiwar hannunta ta yi rami a katako. Gajera ce ta gaske, sai ta ɗora matashi a kujera ake ganin goshinta. Tsofaffin kuwa kowa 'yata, 'yata.

Akun na wani kofur ne, mutum marar hayaniya. Wata rana ya zo da kaya masu guga, ya miƙo kejin ta taga, ya ce ta riƙe, shi ya gaji da ɗawainiya. Ta yi godiya, ya yi murmushi, ya tafi. Bai sake dawowa ba. Iyalinsa suka ce rasuwar farat ɗaya ce, suka sunkuyar da kai, ba wanda ya ƙara tambaya. Tsuntsun ya zauna a ofis yana tarin maigidansa, can kuma ya ce da muryar mutumin sak, "Ba komai, ba komai."

Bayan shekaru aka tura ma'aikatan ofishin horo kan yadda za su gane tsohon sojan da ke tunanin kashe kansa. Na ce mata tafiya cin abincin banza ce. Ta dawo ba ta iya cin ko na gida. Likitar da ta koyar da su ta ce a kula da mutumin da ya fara rabar da abin da ya fi so, da mai fushin da ya wayi gari ya huce babu dalili. Ta ce a tambaye shi kai tsaye, tambaya ba ta sa wa mutum tunanin da babu shi, kuma kada a bar shi shi kaɗai. 'Yar Taga ta ce tana zaune a ɗakin nan, fanka na juyawa, ta ji tarin kofur a bayan kunnenta.

An haɗa su biyu-biyu su gwada tambayar, bakinta ya ƙi buɗewa. Sai ta zo gida ta koma yi a kaina. Ina alwala, ina cin abinci, ina tsaka da waya, sai in ga goshi ya ɓullo: "Kana tunanin kashe kanka?" Na ce in kika ci gaba zan fara.

Akwai wani saje da ake kira Aradu. Duk Litinin yana zuwa ya zagi ofishin daga rufi har ƙasa saboda an ƙi haɗa shi da likitan ƙafa. In ya daki taga da sanda, ƙadangarun bayan gini ma sallama suke yi. Ranar da abin ya faru ina wurin, na je cajin waya. Ya shigo babu sanda, ya yi aski, takalmi na sheƙi. Ya gaishe da mai gadi, ya nemi yafiyar mai shara. Akawun ciki ya leƙo yana dariya, wai Allah ya shiryi Aradu. Ni dai tsigar jikina ta tashi, don tafiyarsa ba ta ƙara, kamar ba ya taka siminti.

Ya zo taga ya ajiye ƙaramar rediyonsa, wadda ko banɗaki ba ya shiga ba tare da ita ba.

"'Yata, ga wannan. Na wahalar da ke da yawa."

"Baba, batun likitan fa?"

"Bar shi. Ba komai."

Daga bayan kabad aku ya yi tari, ya amsa, "Ba komai, ba komai."

'Yar Taga ta tura masa rediyon, ta sauko daga kujera, ta zagayo waje, ta tsaya a gabansa, kanta bai kai aljihun rigarsa ba.

"Baba, kana tunanin kashe kanka?"

Na rufe ido ina jiran mari. Ban ji ba. Da na buɗe, Aradu na zaune a benci yana kallon tafin hannunsa. Ya ɗago kai ya ce, "Wa ya gaya miki?"

Ta ce babu kowa, ta zauna kusa da shi. Ta sa mai gadi ya kira likitar da ta horar da su, akawu ya kira babbar 'yarsa. Masu layi suka yi ta ƙorafi, ba ta waiga ba. Ba ta tashi ba sai da 'yar ta zo ta riƙe hannunsa suka shiga motar asibiti, rediyon a cinyarsa.

An ɗauki lokaci ba a gan shi ba. Duk Litinin idonta na ƙofa, ta rame har matashin ya daina isar ta. Sai wata safiya muka ji sanda a kan taga, da zagin da ya taɓo kakannin akawu. Ta kifa kai a tebur, ban sani ba dariya take ko kuka.

Da yamma a gidan kawu na ce mata, "Ke kam kin yi asara. An kai ki horo kin koyo yadda za ki ajiye mai zaginki a duniya."

Ta kalle ni daga sama har ƙasa, aikin da ke ɗaukar ta lokaci.

"Ranar da kai ma ka shigo gidan nan ka gaishe ni da ladabi, ranar zan kulle ƙofa in zauna da kai. Kafin nan, tashi min daga kujera."