Ranar da Tumbina Ya Yi Aiki a Garejin Oga Sunday

Shekara tara ke nan cif da muka raka Oga Sunday makwancinsa. Mu mutanen Fagge Ɗanladi muke ce masa, yana kuma amsawa, don a Sabon Gari aka haife shi. Iyayensa daga kudu suka zo, amma in ya buɗe baki ya zage ka, sai ka rantse a unguwar Kwaciri aka binne cibiyarsa. Ni ne Sule mai faci, wanda rumfarsa ta yi shekara ashirin da wani abu manne da garejinsa. Karatuna aji uku ne, na ukun ma a bakin taga na yi shi. Don haka wanda ya ga rubutun nan ya karkace ya yi haƙuri, mai saita mini abubuwa ya riga ya tafi.

Sana'arsa alaimen, wato saita ƙafafun mota don ta miƙe sambal in an saki sitiyari. Kayan aikinsa kuwa abin dariya: zare da yake saye a kasuwar Kwari, da gwangwanaye huɗu cike da siminti da ya kafa wa ƙarfe, da ɗan ƙarfen awo. Sai ya ja zaren nan gefe da gefen mota, ya durƙusa yana auna gaban kowace taya da bayanta. Amma zaren shi ne na ƙarshe. Kafin nan sai ya sa ni na gwada iskar tayoyi. Sai ya musanya na gaba, ta dama ta koma hagu. In motar ta sauya inda take ja, to laifin taya ne. Sai ya zaga da ita ya dawo ya dafa ƙarfen kowace ƙafa, wadda ta yi zafi birkinta ne ke riƙewa. Sai ya ɗaga ta ya girgiza, ya ji ko akwai abin da ya saki. Ban taɓa ganin ya ɗauki sufana kafin ya gama waɗannan ba, ko da mai motar yana tsaye yana duba agogo.

Labarin da zan bayar mun rufe shi tun lokacin, ni da shi. Yanzu mutum biyu cikin ukun da ya shafa sun kwanta dama, ni kuwa ba ni da sauran kunyar da zan adana.

Akwai wani Alhaji babban ɗan kasuwa a Kwari. Ba zan faɗi sunansa ba, 'ya'yansa suna karanta jarida. Ya sayo wata jar mota ta tsere mai ƙofa biyu, gajera har kana iya ɗora ƙafa a rufinta ka ɗaura takalmi. Shi kuwa Alhaji Allah ya yi masa jiki, masha Allah. Shigarsa motar nan sai an yi dabara, fitarsa sai an yi addu'a. Ƙorafinsa ɗaya ne: da ya saki hannu kaɗan sai ta zarce dama, tana neman kwata. Gareji uku suka taɓa ta kafin ya zo. Wani ya ce titi ne ya gangara, wani ya sayar masa da sababbin tayoyi.

Oga Sunday ya bi matakansa ɗaya bayan ɗaya, ya ja zare, ya saita. Ya hau da kansa har unguwar Bata ya dawo, mota kamar an ja layi da alli. Bayan kwana biyu sai ga Alhaji, wai tana nan yadda take. Aka sake. Ya sake dawowa. A zuwa na uku bai ko amsa gaisuwa ba.

"Ɗanladi, an ce mini duk Kano babu kamarka. Ashe zare kawai ka iya ja kamar maɗinki. Na ba ka zuwa la'asar. In ta ƙara ja, wallahi duk layinmu na Kwari sai sun ji."

Wannan ba ƙaramar magana ba ce. Rabin motocin da ke shiga garejin nan na 'yan Kwari ne, kuma a Kwari in labari ya fita da safe, kafin azahar ya isa kowane shago. Oga kuwa mutum ne da ba shi da allon suna ba shi da talla, sunansa kawai yake ci.

Alhaji ya fito daga motar da ƙyar. Ina kallon Oga, shi kuma ba Alhajin yake kallo ba, motar yake kallo. Alhaji yana sauke ƙafa ta biyu sai gefen hagu ya ɗago kamar wanda aka sauke wa kaya. Oga ya jira har Alhaji ya hau a-daidaita ya tafi, sannan ya waiwayo ya ƙare mini kallo daga wuya zuwa gwiwa.

"Sule Tumbi, yau ranarka ta zo. Duk tuwon da ka ci a duniya yau zai yi amfani. Zo ka shiga."

Na ce, "Tuƙi zan yi?"

"Allah ya kiyaye. Zama za ka yi. Shi ka fi iyawa."

A lokacin ni ma ba baya ba ne wajen jiki, ni da Alhaji a sikeli sai dai a yi canjaras. Na cusa kaina a kujerar direba, gwiwa a haɓa. Oga ya sake jan zare ina ciki, sai na ji ya yi wata dariya daga ƙasa. Awon da ya fito daidai da safe ya goce. Shi siriri ne kamar sandar rake, shi ya sa duk gwajin da ya yi motar ba ta ji shi ba. Mota ce marar nauyi, aka kuma saita ta babu kowa a ciki.

Na leƙo na ce to in nauyin a hagu yake, me ya kai ta dama? Ya ce in gefen direba ya zauna, ƙafar gefen takan sunkuyar da kanta ciki, sai ta riƙa tura motar ɗaya ɓangaren. Ban gane sosai ba, amma na gyaɗa kai kamar injiniya. Awa biyu na yi a ciki, rana na dukan gilashi, gumi har cikin takalmi. Duk na motsa sai ya buga ƙofa da sufana ya ce ma'auni ba ya motsi.

Da la'asar Alhaji ya zo, ya hau, ya tafi. Muka tsaya muna kallon hanya. Can sai ga shi ya dawo, fuska a sake, har yana ɗaga hannuwa biyu daga sitiyari don mu gani.

"To, Ɗanladi, me ya same ta?"

Ni na riga na shirya dariyata. Mutumin nan ya kira shi maɗinki a gaban jama'a, ga dama ta samu. Kalma ɗaya ta isa, kuma da labarin ya zaga Kwari har yau ana yi. Oga ya goge hannu da tsumma ya ce, "Ranka ya daɗe, motar ce ba ta san mai ita ba. Yanzu na gabatar da ku." Alhaji ya ji daɗin maganar, ya riƙa maimaita ta a kasuwa, kuma har ya rasu ba ya kai mota ko'ina sai nan. Duk zuwansa sai a turo a kira ni ta bayan gida. Ladana kwanon tuwo da miyar kuka, wai don kada ma'auni ya rame.

Nakan tambayi kaina me Oga Sunday zai ce da ya ga yau. 'Yarsa Ngozi ce ke riƙe da garejin, ta yi karatun aikin, ta kawo injin kwamfuta mai fitilu da ake maƙala wa tayoyi. Na san ba zai yi faɗa da injin ba, shi mai son abin da ya auna daidai ne. Abin da zai ɓata masa rai shi ne masu kallon allon kwamfuta har mai mota ya shigo ya fita ba su ɗaga ido sun dube shi ba. Ina ganinsu a gari. In allo ya nuna kore, sai su ce maka ai motarka lafiya lau, kai ne ba ka iya riƙe sitiyari ba.

Watan jiya wani matashi mai ƙiba ya kawo irin motar can, baƙa. Allo ya yi kore, mota na ja. Ina zaune a benci ina shirin yin gyaran murya in nuna ni ma na san wani abu, sai Ngozi ta bar shi ya tafi, ta zo ta tsaya a kaina.

"Baba Sule, zo ka shiga."

Ashe Oga ya gaya mata. Na shiga ina taƙama, amma tsufa da ciwon suga sun cinye jarin nawa, motar ko gezau ba ta yi ba. Sai da aka ɗora mini baturan mota biyu a cinya. Haka na zauna rungume da su, ita tana ƙasa da sufana, har ta samu abin da take nema. Da matashin ya dawo ya tambayi dalili, sai ta ce ƙafar hagu ce ke son a lallashe ta, ba ta ƙara komai ba.

Zaren yana nan rataye a ƙusa, ba mai amfani da shi, kuma ba na baƙin ciki. Abin da Oga ya bari ya fi zare: a dubi mutum kafin a dubi ƙarfe, a gyara masa abinsa, ya tafi da mutuncinsa. Sunan da ya tsare ranar nan shi ne har yanzu ke kawo 'yan Kwari ƙofar 'yarsa.

Ina ƙoƙarin fitowa daga motar sai na ga an ajiye kwano a bencina, tuwo da miyar kuka, har da man shanu. Na ce, "Ngozi, likita ya hana ni cika ciki."

Ta ce, "Baba, ci kawai. Ma'aunin gidan nan ya rame, kuma batura tsada gare su."