Ma'aunin Mama Ticha

Shekara talatin da ɗaya Mama Ticha ta yi tana koyarwa a firamaren unguwarmu a Ogbomosho, kuma yara kashi biyu ne a wurinta, mai ladabi da daƙiƙi. Ni a kashi na biyu ta ajiye ni, har yau bayana bai manta da bulalarta ba.

Da ta yi ritaya sai ta ɗora jikokinta a ma'aunin. Folarin ne ɗan gaban goshi. Ba ya kallon babba a ido, yana karanta jarida tun yana shekara biyar, kuma duk wanda ya shigo gidan sai ya zube rub-da-ciki ya gaishe shi. Ran nan akuya ta shigo, ita ma ya zube mata. Mama ta ce ladabi ne ya yi masa yawa.

Yayarsa Ibukun kuwa baki kamar rediyo, amma haruffa sun ƙi zama a kanta. Mama ta yanke hukunci: a cire ta daga makaranta, ta kama tallar burodi. Uwar yarinyar ta durƙusa ta roƙi a fara ganin likita. Mama ta yarda, ta ja Folarin don likita ta ga samfurin yaron kirki.

Likitar ta duba yarinyar, ta kuma daɗe tana kallon yaron yana jera birukanta.

"Mama, Ibukun kanta ras. Haruffa ne ke rikice mata, a canza yadda ake koya mata. Wannan fa, ya taɓa ce miki yana jin yunwa? Yana da aboki?"

"'Yar nan, ladabi ne da shi!"

"Galahanga ce, Mama. Karatu bai gagare shi ba, mu'amala da mutane ce ke masa wuya. Shi ma yana son taimako, irin nasa daban."

Ibukun ba ta ɗauki farantin burodi ba. Bayan sati ɗaya sai ga Mama a rumfata ta facin taya. Na zube ƙasa da tumbina.

"Tashi, Olaniyi, kada ka fashe," in ji ta. "Lokacin nan, haruffan yawo suke yi maka?"

"Har yau, Mama."

"Ka zo karatu ran Asabar, kai da Ibukun. Babu bulala."

Shekarata arba'in da shida, amma na ɓuya bayan taya na yi kuka.